Waiwaye: Yadda Ƙasa Ta Fi Jirgi Tsada a Downsview

Tun da aka rufe filin jirgin Downsview da ke arewacin birnin Toronto na Kanada a 2024, gardama ba ta lafa ba a kan abin da ya dace a yi da wurin. Wasu na cewa birnin da matasansa ke fama da kuɗin haya ba shi da hujjar barin eka 370 a kwance ciyawa na cin ta. Wasu kuma, cikinsu har da waɗanda suka ƙare ƙuruciyarsu a masana'antar ƙera jiragen da ke wurin, tambaya suke yi: in kowace maƙera ta koma gidan bene, ina masu kwana a benen za su je neman abinci? Kowane ɓangare da gaskiyarsa. Abin da ke damuna shi ne yadda ake ba da labarin kamar a 2018 ya fara, ranar da aka sa hannu a takardar cinikin filin. Ruwa ba ya tsami banza, kuma wannan ya fi shekara ashirin yana tsami kafin a ɗanɗana.

Farkon labarin sananne ne, don haka ba zan daɗe a kansa ba. A 1929 kamfanin de Havilland na Kanada ya kafa sansaninsa a Downsview, lokacin wurin gonaki ne, birni na can nesa. A Yaƙin Duniya na Biyu an ƙera jiragen koyon tuƙi na Tiger Moth a nan, da jiragen yaƙi na Mosquito fiye da 1,000, waɗanda akasarin jikinsu katako ne. A 1947 jirgin Beaver ya fara tashi daga wannan fili, aka ƙera sama da 1,600. Twin Otter ya biyo baya a 1965, Dash 8 a 1983. Kamfanin ya yi ta sauya hannu: gwamnatin tarayya ta saye shi a 1974, Boeing ya karɓa a 1986, Bombardier a 1992. A nan yawancin masu ba da tarihin ke tsallakewa su dira a 2018.

Ni kuwa a 1996 nake so mu tsaya.

Masana'antar jirgin sama ba kamar ta takalmi ko ta sabulu ba ce, da za a loda kayan a mota a wuce. In an gama haɗa jirgi, sai a buɗe ƙyauren rumfar, a jawo shi waje a hankali, a ɗaure shi a tada injinansa a saurari kukansu, a gwada birki a kan kwalta, sannan matuƙin gwaji ya tashi da shi ya dawo, wani lokaci sau da yawa, kafin mai saye ya karɓa. Ke nan titin tashi da sauka wani sashe ne na masana'antar, kamar yadda zuga-zugi yake a maƙera. Titin Downsview ya ɗan haura kilomita 2. Dole a share masa ƙanƙara duk hunturu, a toshe tsagar kwalta, a kunna fitilu, a ajiye 'yan kwana-kwana cikin shiri, ko da jirgi ɗaya ne zai tashi a yini.

Kusan shekara hamsin, ba kamfanin kaɗai ke hawa wannan titi ba. Bayan yaƙi, rundunar sojin saman Kanada ta kafa sansani a Downsview, sojoji da maƙera suna maƙwabtaka a fili guda. Wannan maƙwabtaka ta yi wa masana'antar rumfa ta hanyar da ba kowa ya lura ba. Filin soja ba haja ba ce, babu dillalin da ke zuwa ya taya. Muddin sojoji na nan, ba wanda ke zama da alƙalami ya lissafa benaye nawa za su shiga wurin.

Da Yaƙin Cacar Baka ya ƙare, Kanada ta rage kuɗin da take kashewa a kan tsaro kamar sauran ƙasashe, aka rufe sansanoni da dama. Na Downsview ya rufe a 1996. A wannan shekarar dai, cikin watan Maris, layin jirgin ƙarƙashin ƙasa da tun 1978 ya tsaya a tashar Wilson ya ƙara gaba, aka buɗe sabuwar tasha a mahaɗar titin Sheppard da Allen, dab da gefen filin. A lokacin sunanta Downsview, yanzu ana ce mata Sheppard West. Abubuwa biyu ne da ba su da alaƙa a takarda, ofisoshi dabam, dalilai dabam, kuma kowanne da kyakkyawar hujjarsa. Amma haɗuwarsu ce ta canza matsayin ƙasar. Wanda ke tare ta daga kasuwa ya tafi, abin da ke sa ƙasa tsada a kowane birni ya iso.

A duba abin da ya biyo baya. Titin ya zama na mai amfani guda, ɗawainiyarsa duka a wuyansa. Filin da sojoji suka bari kuma aka shiga tunanin yadda za a yi da shi, aka ware babban ɓangare don wurin shaƙatawa na ƙasa. Jama'ar Toronto suka fara shiga wurin da a da waya ta kewaye. A 2002 dubban ɗaruruwan mutane suka taru a nan don taron matasan Katolika na duniya tare da Fafaroma John Paul na Biyu, a 2003 kuma aka yi gagarumin bikin kaɗe-kaɗe bayan annobar SARS. Idon birni ya buɗe, ya ga faɗin wurin. A 1998 an riga an haɗe North York, inda Downsview yake, cikin babban birnin Toronto. Wurin da ake kira bayan gari ya wayi gari a tsakiyar taswira.

Akwai wani abu kuma da ba a gani da ido. Kowane titin jirgi yana da iyakar tsawon gini a kewayensa, wani layi da ke tashi a karkace daga ƙarshen kwalta zuwa sama, wanda ba a yarda gini ya huda shi ba. Mai fili a maƙwabta, ko da tasha na ƙofar gidansa, ba zai iya ɗaga bene yadda yake so ba. Kafin 1996 wannan ba ya ci wa mutane da yawa tuwo a ƙwarya. Bayan zuwan jirgin ƙasa, kowane hawa da aka hana ginawa kuɗi ne da ake iya ƙirgawa. Titin ya daina zama dukiyar unguwa a lissafin kasuwa, ya koma murfin da ya danne tukunya.

A nan ne, a ganina, aka rasa damar. Ba ina nufin wani ya yi laifi ba. Ina nufin lokacin da ya dace a zauna a yi tambayar shi ne lokacin da ƙasar ke da araha: shin birni na son ci gaba da ƙera jirage a cikinsa? In yana so, wa zai taya ɗaukar nauyin titin, kuma me zai hana farashin gidaje haɗiye filin? Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Hankalin kowa a lokacin yana kan filin da aka bari, domin wanda ake aiki a kansa kamar ba shi da matsala, jirage na fita, albashi na shiga.

Sauran duk gangara ce. A 2005 lardin Ontario ya shata yankin da ba a taɓawa a kewayen Toronto don kare gonaki da dazuzzuka, a 2006 kuma ya fitar da tsarin da ke tura sabbin gine-gine cikin gari, musamman kusa da tashoshi. Manufa ce mai kyau, amma ta ƙara wa kowane faffaɗan fili na cikin birni daraja. Ranar 17 ga Disamba 2017 aka buɗe ƙarin layin jirgin ƙarƙashin ƙasa zuwa garin Vaughan da ke arewa da Toronto, da tashar Downsview Park a arewacin filin. Tashoshi uku ke nan suka kewaye shi. Ba a cika wata biyar ba, a watan Mayu 2018, Bombardier ya sanar da sayar da wurin ga PSP Investments, mai kula da kuɗin fanshon ma'aikatan gwamnatin tarayya, a kan kimanin dalar Amurka miliyan 635. Dalilin da kamfanin ya bayar shi ne kusan kashi 10 cikin 100 na filin kawai yake amfani da shi, ga kuma kuɗin kula da titin duka a kansa. Wanda ya bi labarin daga 1996 zai gane cewa wannan lissafi ba a 2018 aka haife shi ba.

Daga nan aikin ya rabu biyu. Haɗa jiragen Global, jiragen alfarma na Bombardier, ya koma sabuwar masana'anta a filin jirgin Pearson, ba nisa, ma'aikata da yawa suka bi. Dash 8 kuwa ya koma hannun wani mai shi a 2019, aka dakatar da ƙera shi a Downsview bayan annobar korona ta durƙusar da sufurin sama, ma'aikata suka yi yajin aiki a watan Yuli 2021 kan makomar aikinsu, a 2022 kuma aka sanar da sabon sansani a lardin Alberta, gabas da Calgary, dubban kilomitoci daga Toronto.

Ba Downsview kaɗai ba ne. Filin Filton na kusa da Bristol a Ingila, inda aka haɗa jiragen Concorde na Birtaniya, ya rufe a 2012, yanzu gidaje ake ginawa a kai. A Long Beach ta Amurka an daina ƙera jirgin dakon kayan soja na C-17 a 2015. Ko'ina birni ne ya bi masana'anta har ya cim mata.

A watan Mayu 2024 majalisar birnin Toronto ta amince da tsarin yankin Downsview, wanda ke hasashen mazauna kusan 115,000 da ayyukan yi 52,000 cikin shekara 30. Adadi ne da ya ninka ma'aikatan masana'antar sau da yawa, kuma ban raina shi ba, kamar yadda ban raina buƙatar gidaje ba. Sai dai aiki suna ya tara. Mai haɗa fiffiken jirgi ya shafe shekaru yana koyon sana'arsa, albashinsa na riƙe iyali ba tare da digiri ba, kuma a bayansa akwai ƙananan shagunan masu fafe ƙarfe, masu fenti da masu haɗa wayoyi da ke rayuwa da kwangilar masana'antar. Irin wannan aiki yana buƙatar daɓe mai ɗaukar nauyi, rufi mai tsawo, hanyar manyan motoci, da maƙwabtan da ba za su kai ƙara ba in inji ya yi kuka da asuba. Ofis da kanti suna iya zama a ƙarƙashin bene mai hawa arba'in. Maƙera ba ta iyawa. Kuma hanyar ɗaya ce: masana'anta na komawa gidaje cikin 'yan shekaru, amma da zarar an yanka fili an sayar wa iyalai dubu, ba mai sake haɗa shi.

Toronto na da doka da ke ware wasu yankuna don ayyukan yi kawai. Amma kariyar takarda na yin rauni da zarar masu saye sun fara tsammanin wata rana za a sauya ta, domin tun daga ranar farashin ke tashi zuwa na gidaje, mai masana'anta kuma ba zai iya tayawa ba. Wannan na faruwa ne alhali a shekarun 2021 da 2022 wuraren masana'antu da rumbunan ajiya da babu kowa ciki a yankin Toronto ba su kai kashi 2 cikin 100 ba.

A tsarin da aka amince da shi, titin zai zama doguwar hanyar masu tafiya da ƙafa da za ta ratsa sabbin unguwanni, kuma za a bar manyan rumfunan a tsaye a sake amfani da su. A 2025 an buɗe filin kaɗe-kaɗe na wucin gadi mai cin mutum 50,000 a kan wani sashe na wurin. A tsohon ginin de Havilland kuma, tun 2019 kwalejin Centennial ke koyar da matasa gyaran jirage, suna kwance injina suna mayarwa, tafiyar 'yan mintoci daga titin da jirgi ba zai sake sauka a kansa ba. Unguwa-unguwa za a riƙa amincewa da gine-ginen, kuma a kowacce ne za a yanke ko ƙarƙashin waɗannan rufuna za a sake jin ƙarar inji, da kuma nawa za a ce wa mai injin ya biya haya.