Sake sayen fim a sabon bugu

Sake sayen fim a sabon bugu ɗabi'a ce ta masu tara finafinai a gida, inda mutum ke sayen fim ɗin da ya riga ya mallaka, sau biyu ko uku ko ma fiye, duk lokacin da aka fito da shi a kan faifai mafi inganci ko aka gyara hotonsa da sautinsa. Abin ya faro ne tun bayan da kaset ɗin bidiyo ya shiga gidaje a ƙarshen shekarun 1970, kuma ana yawan ganinsa wajen masu son finafinan ƙagen kimiyya, wato masu labarin sararin samaniya, mutum-mutumi, halittun wasu duniyoyi da zamanin da bai zo ba. Da yawa daga cikin masu yi mutane ne da suka fara ganin fim ɗin suna yara, ya zauna musu a rai. A Amurka ana yi wa wannan ɗabi'a laƙabi da wata kalma mai nufin tsoma hannu sau biyu, wani lokaci don tsokanar mai saye, wani lokaci don sukar kamfanin da ke ta sayar da abu ɗaya cikin sabuwar riga.

Daga kaset zuwa faifai

Kamfanin Sony ya fito da kaset ɗin bidiyo samfurin Betamax a 1975, kamfanin JVC kuma ya biyo baya da nasa samfurin, VHS, a 1976, ya kai shi Amurka a 1977. VHS ne ya ci kasuwa. Hotonsa dishi-dishi ne, kaifinsa bai wuce layi 240 ba, kuma kowane kallo yana ƙara cin kaset ɗin. Wanda ya yi zamanin ya san yadda farin layi ke rawa a ƙasan allo har sai an murɗa maɓallin daidaitawa, da yadda wurin da aka fi so a fim, wanda aka yi ta mayarwa baya ana sake kallo, shi ne ke fara lalacewa.

LaserDisc ya fito a 1978, faifai mai faɗin santimita 30, da hoto mai kaifin layi kusan 425. Bai taɓa zama na kowa da kowa ba saboda tsada, kuma gefe ɗaya ba ya ɗaukar fiye da awa guda, don haka a tsakiyar fim sai an tashi an juya shi. Amma a kansa ne aka haifi abin da yanzu ake kira bugu na musamman. A 1984 kamfanin Criterion ya fitar da King Kong da wani layin sauti na daban, inda masanin tarihin fim Ronald Haver ke bayani yayin da fim ke tafiya. Daga nan sharhi, da sassan da aka yanke, da bayanin yadda aka shirya fim suka zama dalilin sake saye.

DVD ya fito a Japan a 1996, a Amurka a 1997. Yana ɗaukar gigabait 4.7, ko 8.5 idan mai hawa biyu ne, hotonsa kuma ɗigo 720 a kwance da 480 ko 576 a tsaye, gwargwadon tsarin talabijin na ƙasar. Shi ne ya sa mutane da yawa suka sake gina tarin finafinansu daga farko. Blu-ray ya zo a 2006 da ɗigo 1920 da 1080, ninki shida na DVD ɗin Amurka, ya yi takara da wani samfurin faifai, HD DVD, har kamfanin Toshiba da ke jagorantar HD DVD ɗin ya janye a Fabrairun 2008. Waɗanda suka zuba kuɗi a HD DVD sun sake saye ba don sun so ba. A 2016 aka samu Ultra HD Blu-ray, wanda aka fi sani da 4K, mai ɗigo 3840 da 2160, tare da fasahar HDR da ke faɗaɗa tazara tsakanin haske da duhu.

Abin da kaset ya yanke

Babban dalilin sake saye a zamanin farko shi ne siffar hoto. Tsohuwar talabijin kusan murabba'i ce, faɗi 4 tsayi 3. Manyan finafinan ƙagen kimiyya kuwa an ɗauke su ne don faffaɗan allon silima, wanda faɗinsa ya ninka tsayinsa sau 2.35 ko 2.39. Don hoto ya cika talabijin sai a datse gefe da gefe, wani ma'aikaci ya riƙa zaɓar ɓangaren da za a nuna a kowane sashe. A irin wannan fim, abin da ake zubarwa ya haura kashi 40 cikin ɗari na hoton. Mutum biyu suna magana a ƙarshen allo biyu, sai mai kallo ya ga ɗaya kawai, ya ji muryar ɗayan daga waje. Jirgin sama-jannati da aka shirya ya ratsa allo a hankali don a ji girmansa, sai ya cika fuska nan take ya wuce.

Yaron da ya haddace fim a kan kaset, to rabi da ɗan wani abu ya haddace. Ranar da ya gan shi a cikakken faɗinsa, da baƙaƙen layuka a sama da ƙasa, yakan tarar da mutane da kayayyaki a gefen allo da bai taɓa sanin suna nan ba. Da farko masu kallo da yawa sun ƙi waɗannan layukan, suna zaton an rufe musu wani abu ne, alhali an dawo musu da abin da aka ƙwace. Ko a DVD ma maganar ba ta ƙare ba, domin wasu bugun farko sun saka baƙaƙen layukan a cikin hoton kansa. Da faffaɗar talabijin ta zo, sai fim ya koma ɗan akwati a tsakiya, baƙi ya zagaye shi ta kowane gefe, aka sake komawa kanti.

Akwai kuma batun sauri. Ana ɗaukar fim da hoto 24 a daƙiƙa, amma ƙasashen da ke kan tsarin talabijin na PAL suna nuna 25. Hanya mafi sauƙi ita ce a ƙara wa fim gudu da kashi 4 cikin ɗari, don haka fim mai awa biyu yana rasa kusan minti biyar, muryoyi da kiɗa kuma su ɗan yi sama. Blu-ray ne ya kawo wa gidaje da yawa a waɗannan ƙasashe ainihin saurin silima.

Me ya sa ƙagen kimiyya

Irin waɗannan finafinai suna rayuwa ne a kan ƙananan abubuwa: ƙirar jirage da aka sassaƙa da hannu, zanen birane a kan gilashi, taurari a cikin baƙin sarari, ƙarar inji da ke zagaya ɗaki. Kaset yana murƙushe duk wannan ya zama toka-toka. Kowane ƙarin kaifi yana fito da aikin da masu ƙira suka yi watanni suna yi, kuma duhun sararin samaniya, wanda tsohuwar talabijin ke mayarwa ruwan toka, sai HDR ya maido masa da baƙinsa. Fim irin 2001: A Space Odyssey na 1968, da aka ɗauka a kan babban zaren fim mai milimita 65, yana da bayanin hoto da ya fi ƙarfin duk na'urorin gida na farko, shi ya sa kowane sabon bugu ke da abin nunawa na gaskiya.

Kaifin yana da nasa tonon silili. Waya da ke riƙe da mota mai tashi, layin da ya raba ɗan wasa da zanen bayansa, gefen abin rufe fuska na roba, duk suna fitowa. Wasu masu kallo suna jin wannan ya karya musu sihirin yarinta. Wasu kuma, kuma ra'ayinsu ya fi nauyi, suna ganin a nan ne hannun ɗan Adam ke bayyana a cikin aikin.

Idan fim ɗin kansa ya canza

Nan ne maganar ta fi zafi, domin mai saye yana biyan kuɗi ne don ya ga fim ɗin yarintarsa da kyau, sai ya tarar an taɓa fim ɗin. Misalin da aka fi sani shi ne Star Wars na George Lucas, wanda ya fito a 1977. A 1997 aka sake fitar da shi da ƙarin halittu da gine-gine na kwamfuta, aka kuma sauya wani sashe da har yau ake jayayya a kansa. A asali Han Solo, ɗaya daga cikin jaruman fim ɗin, shi ne ya harbe Greedo, wani da ya ritsa shi da bindiga, ba tare da an harbe shi ba. A sabon, Greedo ne ya fara harbi ya kuskure. Daƙiƙa ɗaya ce, amma ta sauya halin Han Solo: daga ɗan fasa-ƙwauri mai saurin hannu zuwa mai kare kansa. An sake taɓa fim ɗin a DVD na 2004, da Blu-ray na 2011, da sigar 2019. A 2006 an saka sigar asali a matsayin ƙari a kan DVD, amma daga kwafin da aka shirya wa LaserDisc a 1993 aka ɗauko ta, ba tare da gyara ba. Bugun 4K na 2020 ba ya ɗauke da ita. Wanda ya sayi wannan fim sau biyar, siga biyar ya saya, kuma mafi kyawun hoto ba ya tare da wadda ya fara so.

Steven Spielberg ya bi wannan hanya sannan ya dawo. A bugun cika shekara ashirin na E.T. a 2002, an goge bindigogin da ke hannun jami'ai aka maye gurbinsu da wayoyin oba-oba. Daga baya ya bayyana nadamarsa a fili, Blu-ray na 2012 kuma ya koma kan sigar 1982.

Ba kowane canji ne ɓarna ba. Blade Runner na Ridley Scott ya fito a 1982 da muryar mai ba da labari da kuma ƙarshe mai daɗi waɗanda masu kuɗin fim suka nema. Sigar 1992 ta cire su, ta 2007 kuma ita ce wadda daraktan ya samu cikakken iko a kanta. Abin yabo a bugun 2007 shi ne an haɗa siga biyar a kwali ɗaya, kowa ya ɗauki tasa. Wannan ita ce hanyar da ta fi adalci: darakta ya gyara abinsa yadda yake so, amma a bar wa mutane wanda suka sani. Wani lokaci ma sabon bugu yana dawo da abin da aka fid da rai da shi. Metropolis na Fritz Lang, fim ɗin Jamus na 1927, an datse shi jim kaɗan bayan fitowarsa, aka yi shekara tamanin ana kallonsa guntu-guntu, har a 2008 aka gano wani kwafi a gidan adana finafinai na Buenos Aires a Ajantina. Gyaran 2010 ya maido da kusan minti 25. Sassan da aka dawo da su cike suke da tabo da zane, kuma babu mai hankalin da ya yi ƙorafi.

Abin da mai saye ke dubawa

Lambar da ke kan kwali ba ta isa shaida ba. Abu na farko shi ne tushen hoton: an sake ɗauko shi daga nagatif na asali, wato zaren fim ɗin da kyamara ta ɗauka, ko tsohon kwafi aka hura ya yi girma? Finafinai da yawa na shekarun 2000 an kammala su a kwamfuta a matakin 2K, wato kaifi kusan na Blu-ray, don haka faifansu na 4K faɗaɗawa ne, ribarsa tana wajen launi da haske kawai.

Na biyu shi ne tsakin fim, wato ɗan yashi-yashin da ke motsi a hoton duk abin da aka ɗauka da zaren fim. Wasu kamfanoni suna ɗaukarsa datti su goge shi da kwamfuta, sai gashin gemu, ƙofofin gumi da saƙar tufafi su tafi tare da shi. Bugun Blu-ray na Predator na 2010 ya yi suna a kan haka, fuskokin 'yan wasa suka koma kamar an ƙera su da kakin zuma, har wasu suka koma neman tsohon bugun da suka riga suka rabu da shi. Launi ma ana sauya shi, a karkata fim zuwa shuɗi-kore don ya yi kama da na zamani. Sauti kuma ana sake haɗa shi don lasifikoki da yawa, wani lokaci a canza ƙarar bindiga ko ta ƙofa, kuma kunnen da ya ji fim sau hamsin yana yaro ba ya kuskuren gane hakan. Bugu nagari yana ajiye sautin asali a gefe.

Sai iyakar yanki. An raba duniya gida shida a DVD, gida uku a Blu-ray, A da B da C, faifan wani yanki ba ya aiki a na'urar wani. Faifan 4K ba su da wannan shinge. Kuma sharhi ko shirin da ke kan tsohon bugu ba lallai ya biyo sabo ba, saboda haƙƙin mallakarsa yana iya zama a hannun wani kamfani. Wannan ne ke sa a ga kwafi huɗu na fim ɗaya jere a kanta guda, kowanne da dalilin da ya hana a rabu da shi.

Kallo ta intanet ya rage cinikin faifai sosai, amma bai kashe ɗabi'ar ba. Fim da ke kan dandali yau yana iya ɓacewa idan yarjejeniya ta ƙare, ko a sauya shi da wata siga ba tare da sanarwa ba, yayin da faifan da ke hannu ba mai taɓa abin da ke cikinsa. Shi ma dai ba ya dawwama. Wasu faifan LaserDisc sun ruɓe daga ciki saboda matsalar manne gefensu biyu, hoton ya cika da ɗige-ɗige masu launi. Kaset yana rasa maganaɗisunsa a hankali, ya yi fumfuna idan wuri na da laima. Kamfanin Funai na Japan, wanda shi ne na ƙarshe da aka sani yana ƙera na'urar VHS, ya daina a 2016. Akwai sigogin finafinai da ba su taɓa ƙetarewa daga kaset ko LaserDisc ba, kuma masu riƙe da su yanzu suna farautar tsofaffin na'urori da kayan gyaransu don su iya ci gaba da kunna su.