Dokar da ta tilasta wa duron shelanta kansa a sama

Wai mece ce Remote ID ɗin nan da masu tuƙa duron, wato ƙananan jirage marasa matuƙi, ke ta ƙorafi a kanta? A taƙaice dai lambar mota ce amma ta sama, sai dai ita ba a jiki ake manna ta ba, jirgin ne da kansa yake ta shelanta ta da siginar Wi-Fi ko Bluetooth tun daga tashinsa har a kashe shi.

Hukumar FAA mai kula da sufurin sama a Amurka ce ta fitar da dokar a Janairun 2021, wa'adin masu jirage ya cika ranar 16 ga Satumba 2023, aka ɗaga musu ƙafa zuwa 16 ga Maris 2024. Tarayyar Turai ma ta fara aiki da irinta a farkon 2024. In ka tuna abin da ya faru a filin jirgin Gatwick na Ingila a Disamban 2018 za ka gane dalili, rahoton an ga duron kawai ya hana jirage wajen dubu tashi da sauka, mutum kusan 140,000 suka rasa tafiya, kuma har yau ba a hukunta kowa ba.

Wa dokar ta Amurka ta shafa? Duk jirgin da sai an yi masa rajista, wato mai nauyin giram 250 zuwa sama, ko ƙarami ma in dai aikin kuɗi kake yi da shi. Zai riƙa faɗin lambarsa, inda yake, nisansa daga ƙasa, gudunsa, da inda mai riƙe da rimot yake tsaye. Tsohon jirgi kuwa sai ka ɗaura masa 'yar na'ura, ita wurin da ya tashi take faɗa, ko ka tafi filayen da aka keɓe don tuƙa duron ba tare da Remote ID ba, FRIA suke ce musu.

To nan fa gizo ke saƙar. Saƙon ba a kulle yake ba, da gangan aka bar shi a buɗe, duk mai waya da manhajar da ta dace yana iya kama shi, sunanka ba ya fita, gwamnati ce ke haɗa lamba da mai ita, amma ai inda kake tsaye ya fita, ga kaya masu tsada a hannunka. An kai ƙara kan maganar sirri, kotun ɗaukaka ƙara a Washintan ta bar dokar yadda take a 2022. Abin da ya fi damuna shi ne babu abin da ke tabbatar da saƙon na gaskiya ne, da ƙaramar na'ura mai arha mutum zai iya cika sama da jiragen bogi a allon jami'an tsaro, mai mugun nufi kuma ai cire na'urar zai yi ya huta.

Kada kuma wani ya ɗauka ganin lambar ya ba shi ikon kakkaɓo jirgin. A Amurka harbin duron laifi ne na tarayya, haka toshe sigina da na'urar da ake kira jama, don ita jama ba ta zaɓe, tana iya haɗawa da GPS da kiran gaggawar mutanen da ke kusa.