Tsakanin 0.5 da 0.45 wanne ya fi girma? Tambayoyin 'yan JSS kan desimal

Ina koyar da lesin ɗin lissafi da yamma a nan Agege, yawanci yaran 'yan uwanmu ne 'yan JSS1 da JSS2, kuma duk sanda aka zo kan desimal, wato lambobi masu ɗigo, sai an sha fama. Ga tambayoyin da su da iyayensu suka fi yi min.

Malam ai 45 ta fi 5, me ya sa aka soke min da na ce 0.45 ta fi 0.5?

Wallahi wannan kuskuren shi ne ya fi ci min rai saboda yara masu ƙoƙari ma suna faɗawa ciki. Tsawon lamba bayan ɗigo ba shi ne girmanta ba. Mai da shi kuɗi kawai ka gani, tun 1 ga Janairu 1973 da aka bar fam da sule aka koma naira, naira ɗaya kwabo 100 ce, to 0.5 na naira rabinta ne wato kwabo 50, ita kuwa 0.45 kwabo 45 ce, kai wanne za ka karɓa? Na san yaran yanzu ba su taɓa riƙe kwabo a hannu ba amma suna ganinsa a alat ɗin banki a wayar babansu, lambobi biyun nan na bayan ɗigo ai su ne. Sannan daga wajen karantawa ma ake fara ɓata, kar ka ce sifili ɗigo arba'in da biyar, ka ce sifili ɗigo huɗu biyar, da zarar bakinka ya furta arba'in da biyar shikenan kanka ya riga ya ɗauke ta babba.

To yaya ake kwatantawa idan ba kuɗi ba ne?

Rubuta ɗaya a ƙarƙashin ɗaya, ɗigo ya zauna daidai kan ɗigo, sai ka fara dubawa daga hagu. Lambar da ke kafin ɗigo tukuna, in sun yi daidai ka matsa gurbin farko bayan ɗigo, shi ne na kashi goma, na biyu na kashi ɗari, na uku na kashi dubu. Inda suka fara bambanta nan magana ta ƙare, kar ka ƙara waiwayen sauran. Misali 2.37 da 2.368, biyu da biyu, uku da uku, sai bakwai da shida, to 2.37 ce babba, takwas ɗin can ta ƙarshe ba ta da ta cewa.

Wata uwa ta tambaye ni, Malam idan aka ƙara sifili lambar ba ta canja ba?

Hajiya ya danganta da inda aka sa shi. A ƙarshe bayan ɗigo ba ya canja komai, 0.5 da 0.50 da 0.500 duk abu ɗaya ne. Amma in ya shiga tsakanin ɗigo da lambar to labari ya sha bamban. Ki je abatuwa ta Oko-Oba a ɗora miki nama a sikeli, 0.5 rabin kilo ne giram 500 kenan, 0.05 kuwa giram 50, ko yanka biyu na kirki ba zai kai ba.

Idan aka ba ni guda biyar aka ce in jera fa?

Nan sifilin yake da amfani sosai. A ce an ba ka 1.2, 1.05, 1.25, 0.98, 1.205. Mafi tsawo tana da gurbi uku bayan ɗigo, sai ka cike wa kowa da sifili su zama 1.200, 1.050, 1.250, 0.980, 1.205, yanzu ido ma zai nuna maka. Daga ƙarama zuwa babba, 0.98, 1.05, 1.2, 1.205, 1.25. Ka mayar da su yadda aka ba ka su wajen rubuta amsa. Kuma don Allah ka karanta tambayar da kyau tunda da Turanci take zuwa, asendin daga ƙarama zuwa babba ne, disendin daga babba zuwa ƙarama, na sha ganin yaro ya yi aikin duka daidai ya zo ya jera a juye, maki ya tafi a banza, abin da ciwo fa.

Kenan kullum babbar lamba ce ta yi nasara?

A'a, duba abin da ake aunawa. A tseren mita 100 na gasar duniya a Berlin a 2009, Usain Bolt ya yi daƙiƙa 9.58, Tyson Gay 9.71, Asafa Powell 9.84, wanda lambarsa ta fi ƙanƙanta shi ya zo na ɗaya. Namu Olusoji Fasuba ya yi 9.85 a Doha a 2006. Aikin gidan da na ba 'yan ajina na wannan satin shi ne, tsakanin Fasuba da wanda ya yi 9.9 wa ya riga wani kaiwa, kuma na ce kowa ya cike sifilin a takarda in gani kafin ya buɗe baki.