Kayan tarihin Benin: me ya riƙe su a Turai har yau?

Waɗanne kaya ne ake ta ce-ce-ku-ce a kansu?

Kayan fadar Oba ne na Masarautar Benin da ke jihar Edo, ba Jamhuriyar Benin maƙwabciyarmu ba. Akwai allunan tagulla da ake kafawa a ginshiƙan fada, da siffofin kawunan sarakunan da suka shuɗe, da hauren giwa da aka sassaƙa. Yawancin allunan na ƙarni na 16 ne da na 17. Aikin zubi ne: maƙeri zai sarrafa siffar da kakin zuma, ya lulluɓe ta da yumɓu, ya gasa har kakin ya narke ya tsiyaye, sannan ya zuba narkakkiyar tagulla a gurbinsa. In ta huce sai ya fasa yumɓun. Har gobe akwai masu wannan sana'a a titin Igun cikin birnin Benin.

Yaya aka yi suka bar ƙasar?

Da bakin bindiga. A watan Janairu na 1897 wani jami'in Birtaniya, James Phillips, ya nufi Benin duk da an aika masa cewa ya dakata, Oba yana tsakiyar bikin al'ada. Aka tare tawagarsa a hanya, aka kashe shi da mafi yawan mutanensa. A Fabrairu sojoji kusan 1,200 ƙarƙashin Harry Rawson suka ci birnin, wuta ta cinye shi, aka kwashe dubban kaya. Oba Ovonramwen aka kai shi Kalaba, a can ya rasu a 1914. Birtaniya ta ce ramuwar gayya ce, jaridunta kuma suka yi ta kururuta batun tsafi da mutane, wanda lallai ana yinsa a lokacin. Amma tun kafin tafiyar, Phillips ya rubuta wa Landan yana neman izinin tsige Oba, har ya ce hauren giwar fada zai biya kuɗin yaƙin.

Ina launin fata ya shigo ciki?

Nan ne gizo ke saƙar. Da kayan suka isa Turai, masana suka rasa bakin magana saboda kyawun aikin. Wasunsu, maimakon su yarda baƙar fata ne ya ƙera, sai suka shiga neman wanda ya koya masa: ko Turawan Fotugal, ko mutanen Masar. A 1910 Bajamushe Leo Frobenius ya ga siffofin kawuna na birnin Ife, ya danganta su da ɓatacciyar daular Atlantis ta almara. Gwamnatin tsirarun fararen fata ta Rodeshiya (Zimbabwe ta yau) ma ta daɗe tana musun cewa 'yan Afirka ne suka gina ganuwar dutsen tsohuwar Zimbabwe. Jiya an ce ba za mu iya ƙerawa ba, yau ana cewa ba za mu iya adanawa ba. A ganina tunani ɗaya ne ya sake riga, kuma wannan ne ya fi yi mini ciwo a cikin lamarin duka.

Amma ai duniya ta dunƙule, ba gara su zauna inda kowa zai gani ba?

Wannan ce hujjar manyan gidajen tarihi, har sun fitar da sanarwa a kanta a 2002: kayan na duniya ne baki ɗaya. To wace duniyar? Ɗalibi daga Paris zai hau jirgin ƙasa ya je Landan ya gani. Jikan maƙerin da ya zuba tagullar kuwa sai ya biya kuɗin biza, ya kai takardun banki, ya jira, kuma ba lallai a ba shi ba. Kaya sun ƙetare teku ba tambaya, masu kayan ne ake tsarewa a ƙofa.

Kuma Benin ba ta jira 1897 ba kafin ta san duniya. Tun ƙarshen ƙarni na 15 take ciniki da Fotugal. Mundayen tagulla da Turawan ke kawowa su maƙera ke narkawa, har ma akwai allunan da ke nuna sojojin Fotugal da dogon gashi da bindiga. Cuɗanya ce ta ciniki, kowa da mutuncinsa.

A 1977, da Najeriya ta ɗauki fuskar hauren giwa ta Sarauniya Idia a matsayin tambarin FESTAC, bikin al'adun baƙar fata na duniya da aka yi a Legas, ta nemi a ba ta aro. Gidan tarihin Birtaniya ya ƙi, sai kwafi aka sassaƙa.

Ba gaskiya ba ne cewa a can sun fi tsira?

An sha yin sata a gidajen tarihinmu, kuma kuɗin kula da su bai taka kara ya karya ba. Wannan abin kunya ne da ya kamata mu gyara. Sai dai a 2023 shi kansa gidan tarihin Birtaniya ya amsa cewa kayansa kusan 2,000 sun ɓace ko an sace ko sun lalace, har shugabansa ya yi murabus. Ba wanda ya ce a kwashe sauran a kai wata ƙasa ajiya.

An dawo da wani abu kuwa?

An fara. A 2021 wata kwaleji a Jami'ar Cambridge ta miƙa zakaran tagulla, Faransa kuma ta mayar wa Jamhuriyar Benin kaya 26 na fadar Abomey. A 2022 Jamus ta sa hannu kan mayar da mallakar kaya sama da 1,000. Holan ta dawo da 119 a 2025. Gidan tarihin Birtaniya, mai riƙe da sama da 900, yana fakewa da dokar 1963 da ta hana shi rabuwa da kayansa. Ko zinariyar Asante da gidan ya kai Kumasi a 2024, aro ya ba su.

Da Shugaba Buhari ya ayyana a 2023 cewa Oba Ewuare na II ne mai kayan, wasu a Turai suka ta da jijiyar wuya, wai za a kulle su a fada. Ni dai a wurina, wanda aka ƙwace wa kaya ba ya buƙatar ya bayyana wa wanda ya ƙwata inda zai ajiye.

Mu da ba ma bautar gumaka, mene ne ruwanmu?

Allunan nan kundin tarihi ne na mutanen da suka adana labarinsu a ƙarfe: yaƙe-yaƙe, sarautu, baƙi, tufafi. Ba sai ka yarda da aƙidar mutum ba kafin ka san haƙƙinsa ne. Abin ma bai tsaya a Edo ba. Siffofin yumɓu na Nok, daga kudancin Kaduna, masu shekaru sama da 2,000, an yi ta haƙo su a ɓoye ana fitarwa. A shekarar 2000 wasu suka ɓulla a gidan tarihin Louvre a Paris. Daga baya Faransa ta amince na Najeriya ne, amma ta ci gaba da riƙe su da sunan aro na shekara 25.