Wai doka ta yarda jirgi ya tashi ana hadari da tsawa?

Kowace damina sai an yi wannan rigimar a filin jirgi, hadari ya haɗo, a ce an ɗage tashi, sai ka ga fasinjoji sun yi caa a kan ma'aikatan kanta ana ta masifa, wani ma har ya ce ai ga jirgin wani kamfani can ya tashi, me ya hana namu. To bari mu fayyace abin.

Babu wata doka da ta ce da zarar an fara ruwa jirgi ba zai tashi ba. Ruwa kawai ba ya hana jirgi tashi, kullum ana tashi cikinsa. Abin da ƙa'idar hukumar jiragen sama ta duniya ICAO ta tanada, wadda hukumarmu ta jiragen sama ta Najeriya NCAA ma take bi, shi ne kyaftin ɗin jirgi ke da magana ta ƙarshe kan lafiyar jirgi da duk wanda ke ciki. Masu hasumiyar kula da zirga-zirgar jirage za su gaya masa ƙarfin iska da inda take kaɗawa, hukumar hasashen yanayi NiMet ta ba da rahoton yanayi, kamfani kuma yana da iyakokinsa a rubuce, misali yawancin jiragen fasinja ba a yarda su tashi ba in iskar da ke turo su ta baya ta wuce wajen kilomita 18 a awa, haka iskar gefe ma akwai iyakarta, da nisan da dole idon matuƙi ya iya hangowa a kan titin jirgi. Izinin tashi da hasumiya ke bayarwa ma'anarsa titi a buɗe yake ba wani jirgi a hanyarka, amma ba garanti ba ne cewa sama lafiya. Hukumar jiragen sama ta Amurka FAA kuwa shawararta ga matuƙa a fili take, kar a tashi kar a sauka a gaban hadarin da ke tasowa, kuma in hadarin mai tsanani ne a ba shi tazarar aƙalla mil 20, wato sama da kilomita 30.

Yawancin mutane aradu suke tsoro, amma gaskiya ba ita ce babbar matsalar ba. Kusan kowane jirgin fasinja tsawa na faɗa masa wajen sau ɗaya a shekara, wutar ta bi ta jikin ƙarfen waje ta fita, a sauka injiniyoyi su duba. An ƙara tsaurara ƙa'idar kare tankin mai ne bayan da tsawa ta tarwatsa wani jirgin Pan Am a Amurka a 1963. Inda tsawa ke tsayar da aiki shi ne a ƙasa, ba za a bar masu loda kaya da masu zuba mai a fili ana walƙiya ba, shi ya sa wani lokaci kana zaune cikin jirgi ba a motsa ba.

Abin da ke kashe mutane iska ce, iskar da ke juyawa farat ɗaya. A cikin hadari akwai wata iska mai sanyi da ke zubowa ƙasa da ƙarfi, kamar ka juye bokitin ruwa a siminti, ta daki ƙasa ta watsu kowane ɓangare. Jirgin da ya ɗaga yanzu yanzu in ya shige ta, da farko za ta buge shi ta gaba sai ya ji kamar ya samu ƙarfi, can sai ta danne shi daga sama, kafin ya ankara ta koma tana turo shi ta baya, gudun iskar da fukafukai ke dogaro da shi ya zube, ga shi bai yi nisa da ƙasa ba balle ya samu sararin farfaɗowa. Duk wannan cikin daƙiƙoƙi. Irinta ce ta kayar da jirgin Pan Am a New Orleans a watan Yulin 1982 jim kaɗan da tashinsa, mutum 153 suka rasu.

Mu kam ba sai mun je Amurka neman misali ba. Ranar 29 ga Oktoba 2006 jirgin kamfanin ADC ya tashi daga Abuja zuwa Sakkwato hadari na tasowa, bai yi nisa ba ya faɗi, mutum 96 suka rasu cikin 105, har da Sarkin Musulmi Muhammadu Maccido, Allah Ya jiƙansu da rahama. Rahoton bincike ya ɗora abin kan shawarar tashi alhali an san yanayi ba kyau, da kuma rashin bin matakan da ake bi in an shiga wannan iskar. Abin da ya fi ci min rai shi ne irin wannan iskar ba ta cika wuce minti 15 ba, wallahi jira kaɗan ne.

Shi ya sa maganar "ai wancan ya tashi" ba hujja ba ce. Hadari tafiya yake, wanda ya tashi minti goma da suka wuce wata sama ya samu daban, ƙila ma kudu ya nufa kai kuma hanyarka ta arewa ce ta toshe, kuma matuƙi yana da rada a hancin jirgi da ke nuna masa inda hadarin ya yi kauri, abin da kai ba ka gani ta taga. Yanzu wasu manyan filayenmu ma akwai na'urorin gano juyin iska da NiMet ta kafa.

Batun haƙƙinka kuma, ƙa'idar kare fasinja ta NCAA ba ta tilasta wa kamfani biyan diyya in yanayi ne ya jawo jinkirin, tunda ba a hannunsa abin yake ba. Amma dole su yi maka bayani, kuma in an soke tafiyar gaba ɗaya kana da damar karɓar kuɗin tikitinka ko a sa ka a wani jirgin. In kana zargin fakewa kawai aka yi da yanayi, jami'an kare haƙƙin fasinja na NCAA suna nan a manyan filayen jirgi, can za ka kai ƙorafi.