Dabbab ya kife ya tashi da ƙafarsa: kafin a sake hawa, a duba shasi

Da sanyi ya shigo, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, jama'a kan fita daji shan iska, sai ka ga babura masu ƙafa huɗu, wato dabbab, sun cika tuddan yashi a Thumama ta arewacin Riyad, da jajayen tuddan wajen Muzahimiyya, da Bahra tsakanin Makka da Jidda. Samarinmu na cikin masu hawa, suna cikin masu tsaron wurin haya, wasu kuma su ne ke riƙe da sufana a warsha, wato garejin gyara. Wannan jan hankali namu ne mu ma'aikatan lafiya zuwa gare su da iyayensu, a kan abu guda: dabbab ɗin da ya kife, aka tayar da shi, aka kakkaɓe yashi, inji ya kama, ba shi ke nan ya warke ba. Inji daban, shasi daban. Sau da yawa haɗari na biyu ya fi na farko muni, domin tsagewar da na farkon ya bari ce take ƙarasawa ana tsaka da gudu.

A fara da nauyin abin. Yamaha Raptor 700 ya kai kilo 190 da ɗoriya idan da mai a ciki, Banshee 350 kuwa wajen kilo 175 ne babu mai. Wanda ya daki tudu yana gudun kilomita 30 a awa, daidai yake da wanda ya faɗo daga tsayin mita uku da rabi. In gudun ya kai 60, faɗowar ta zama ta mita 14, domin idan gudu ya ninka biyu ƙarfin dukan ninki huɗu yake yi. Wannan ƙarfin ba ya ɓacewa. Taya ta gaba ce ke karɓarsa, ta miƙa wa hannayen da ke riƙe da ita, su kuma su sauke shi a 'yan kunnuwan da aka yi musu walda a jikin shasi. Bututun shasin nan bai da kauri, bai fi milimita biyu ba a mafi yawan wurare, da gangan aka yi shi haka don babur ya yi sauƙi.

Shasi iri biyu ne a kasuwa, kuma kowanne da yadda yake nuna ciwonsa. Banshee, Honda TRX450R, Suzuki LT-Z400 da tsohon YFZ450 na 2004 duk uwar shasinsu baƙin ƙarfe ce. Kawasaki KFX450R da Can-Am DS450 na 2008 alminiyam ne. Raptor 700, wanda ya fito a 2006, haɗin gambiza ne, wani sashe ƙarfe wani alminiyam, haka ma YFZ450R na 2009 wanda aka ɗaure alminiyam ɗinsa da noti maimakon walda. Wanda bai tabbata ba ya ɗora maganaɗisu: in ya kama ƙarfe ne, in ya zame alminiyam ne.

Baƙin ƙarfe yana da kirki ta fuska ɗaya, yakan lanƙwasa kafin ya karye, kuma yakan tona asirin kansa. Inda ya lanƙwasa fenti yana ɓarewa ko ya yi 'yan tsage-tsage, bayan kwanaki kuma wani siririn layin tsatsa ya fito a gefen walda. Wannan layin shi ne tsagewar. Alminiyam ba ya yin jar tsatsa. Abin da za a gani shi ne layi siriri mai duhu, ko wata baƙar ƙura mai laushi a bakin noti, alamar sassa biyu suna gugar juna. Yana iya zama lafiya lau a ido yau, gobe ya rabe gida biyu a saukar tsalle ɗaya.

Dubawa ba ta yiwuwa a kan babur mai datti. A wanke shi tas, a cire robobin gaba da na baya da kujera da farantin ƙasa, a bar shi ya bushe, a ajiye shi a kan siminti mai shafe, a daidaita iskar tayoyin huɗu. Iskar waɗannan tayoyi kaɗan ce ƙwarai, wajen 4 psi, don haka ma'aunin tayar mota ba ya karanta ta daidai, kuma bambancin 1 psi tsakanin hagu da dama ya isa ya karkatar da babur ya ɓata duk awon da za a yi.

Sai a ɗauki tocila mai haske, ko da rana tsaka ne, a haska ta a karkace ana bin walda ɗaya bayan ɗaya. Wuraren da suka fi tsagewa sanannu ne: kunnuwan da ke riƙe da hannayen tayar gaba na sama da na ƙasa, inda kan shokabzoba na gaba yake ɗaure, mazaunin sandar sitiyari sama da ƙasa, gindin matakan ƙafa, kunnuwan da inji ke zaune a kai, ramin babban notin da ƙarfen baya mai riƙe da aksil yake lilo a kansa, da inda ƙaramin shasin kujera ya haɗu da uwar shasi. Tsagewa ba kasafai take bin tsakiyar walda ba. A gefenta take farawa, daidai inda waldar ta ƙare bututu ya ci gaba, saboda nan ne zafi ya taɓa ƙarfen tun a masana'anta. Kada a manta da cikin babur daga ƙasa, a ɗaga gabansa a jingine shi da kyau, a duba bututun ƙasa biyu ko dutse ya loɓa su. Bututun da ya loɓa ya yi rauni ko bai tsage ba.

In ido ya yi shakka, akwai gwajin jan ruwa da ake samu a shagunan kayan walda, gwangwani uku ne. Da na farko ake goge wurin, a fesa na biyu mai ja a bar shi kamar minti 10, a goge da tsumma, sannan a fesa na uku mai fari. In akwai tsagewa jan zai tsotso ya fito a kan farin, ya zana ta ƙarara. Sai an kankare fenti tukuna, in ba haka ba gwajin banza ne.

Bayan ido sai tef ɗin awo. A zaɓi noti biyu na gaba masu kama da juna, hagu da dama, da wasu biyu na baya. A auna daga gaba hagu zuwa baya dama, sannan daga gaba dama zuwa baya hagu. Shasi mai lafiya awon biyu ɗaya yake bayarwa. In bambancin ya wuce rabin santimita, a sake awon, in ya sake fitowa to shasin ya murɗe. A auna kuma tsayin kowane gefe daga ƙasa, da nisan tsakiyar tayar gaba zuwa ta baya a kowane ɓangare. A tsaya daga nesa a gaban babur a durƙusa: tayoyin gaba su kasance da karkata iri ɗaya, sitiyari kuma ya miƙe lokacin da tayoyin suka miƙe.

A nan ne ake yin wata dabara da muke so a daina. Babur ya kife, sitiyari ya karkace, sai yaron wurin haya ya kwance tayarod, ƙarfen da ke haɗa sandar sitiyari da tayar gaba, ya juya shi har sitiyarin ya dawo tsakiya, a ce an gyara. Abin da ya lanƙwasa yana nan, an dai ɓoye shi ne. Tayarod da sandar sitiyari da hannayen taya su ne suka fi saurin lanƙwasa, kuma hakan alheri ne, domin su suka karɓi dukan suka tsare shasi. A ciro tayarod a mirgina shi a kan gilashi ko tebur mai shafe, in yana tsalle a jefar da shi. Ba a miƙe shi da guduma. Ƙarfen da aka lanƙwasa aka sake miƙewa ya riga ya gaji, kuma ranar da tayarod ko boljoyin, gaɓar da ke haɗa taya da hannunta, ya tsinke ana gudu, taya ɗaya takan buɗe gefe, gaban babur ya nutse cikin yashi, mahayi ya wuce ta saman sitiyari, kilo 190 kuma ya biyo bayansa.

A ɗaga gaba da jak, a kama kowace taya sama da ƙasa a girgiza, sannan hagu da dama. Kowane ƙas-ƙas yana nufin boris ko boljoyin ko bushi ya tafi. A ɗaga baya, a juya tayoyin ana kallon ƙarshen aksil. Littafin gyaran Yamaha na irin waɗannan babura bai yarda karkatar aksil ta wuce milimita 1.5 ba, don haka duk rawar da ido ya iya gani ta wuce ƙa'ida. Aksil mai rawa yana cinye boris, yana sa sarƙa ta yi tauri a wani wuri ta saki a wani, har ta faɗo ta fasa murfin inji ko ta kulle tayoyin baya.

Maganar gyara kuwa, ba kowace tsagewa ce ke kashe shasi ba. Ƙaramar tsagewa a kunne ɗaya na shasin baƙin ƙarfe tana gyaruwa a hannun wanda ya san aiki: ya huda ɗan rami a kowane ƙarshenta don kada ta ci gaba, ya buɗe ta da giranda, ya yi waldar argon ko ta waya, ya ƙara ɗan faranti mai kusurwa uku ya tallafe wurin. Kafin wuta ta taɓa babur a cire tanki gaba ɗaya, a cire batir, a zare akwatin wutar inji. Waldar sanda mai kauri irin ta ƙofa da taga tana huda siririn bututu, ta bar tudu a waje, ciki kuwa babu abin da ya kama. Kuma duk wanda ya shafe tsagewa da walda ya bi ta da baƙin fenti don ya sayar, ya san cewa ran wani ya sa a ciki.

Alminiyam ya fi wuyar sha'ani. Ƙarfinsa daga gashin wuta da aka yi masa a masana'anta yake, zafin walda kuma yana warware wannan gashin, sai gefen waldar ya rasa kashi ɗaya cikin uku na ƙarfinsa ko fiye. Ba a gasa shi da wuta don a miƙe shi. Sashen da ke ɗaure da noti, kamar ƙaramin shasin kujera, a kwance shi a sa sabo. Shasin da ya murɗe, ko ya tsage a mazaunin sitiyari, ko a ramin babban notin baya, ra'ayinmu a canza shi, ko na ƙarfe ne. Masu zama Jidda da sauran bakin teku su ƙara lura, danshi mai gishiri yana cin bututun ƙarfe daga ciki, musamman na ƙasa inda ruwan wanki ke kwanciya.

Wanda zai karɓi haya ba shi da lokacin duk wannan, amma yana da minti biyu. Ya girgiza tayoyin gaba, ya dubi sitiyari, ya matsa birkin hannu da na ƙafa, ya leƙa ko akwai sabon fenti ko sabuwar walda kusa da hannayen taya. In ya saki hannu kaɗan a hankali babur ya ja gefe, ya mayar ya karɓi wani. Hular kwano mai rufe haɓa dole ce, wadda ta taɓa dukan ƙasa da ƙarfi kuma ta gama aikinta ko ba ta fashe ba, domin kumfar cikinta sau ɗaya take matsewa. Waɗannan babura na mutum ɗaya ne, kamfanonin da suka ƙera su sun rubuta a jikinsu cewa ba na ɗan ƙasa da shekara 16 ba ne. Iyaye, goya ƙaramin yaro a kan tanki ba gata ba ne. Kada a hau kwalta da su, tayoyin baya a kan aksil ɗaya suke, a kwana sai su turje su kifar da babur. A tudun yashi kuma, bayan kan tudu gangara ce mai tsayi da ba a ganinta daga ƙasa, a rage gudu kafin a kai sama.

Shi ma mahayin da ya tashi yana dariya yana kakkaɓe jallabiya, a duba shi. In yana kwance yana kukan wuya ko baya, ko ƙafafunsa sun yi sanyi ba ya jinsu, kada a ja shi, kada a zaunar da shi, kada a cire masa hula muddin yana numfashi. A ɗage babur daga kansa, mutum ɗaya ya riƙe kansa da hannu biyu, a kira Hilal Ahmar, masu motar ɗaukar marasa lafiya a Saudiyya, a 997, a tura musu wurin ta waya, wani kuma ya fita bakin titi ya tarye su. Kada a ba shi ruwa ko abinci, wataƙila tiyata ce a gabansa. Wanda ya koma gida da ƙafarsa, a sa masa ido kwana biyu: amai, barci mai nauyi, ciwon kai mai ƙaruwa, ruɗewa, numfashi da ƙyar, jini a fitsari, duk na asibiti ne nan take. Ciwon ciki ta hagu tare da ciwon kafaɗar hagu, jiri da gumi mai sanyi, alamar saifa ce ta fashe tana zubar da jini a ciki, sitiyari ne yakan dake ta, kuma tana iya ɗaukar awoyi ko kwanaki kafin ta nuna. Wannan ba a jira masa gari ya waye, ba a ba shi maganin ciwon jiki a ce ya kwanta.