Georgette Heyer

Georgette Heyer (1902–1974) marubuciya ce 'yar Ingila wadda ta shahara da littattafan soyayya da aka gina a kan tarihi. Ita ake dangantawa da kafa salon labaran soyayya na zamanin riƙon ƙwarya, wato daga 1811 zuwa 1820, lokacin da Yarima George ya riƙe sarautar Birtaniya a madadin mahaifinsa, Sarki George na Uku, wanda ya samu taɓin hankali.

Rayuwarta

An haife ta ranar 16 ga Agusta, 1902, a Wimbledon da ke Landan. Littafinta na farko, The Black Moth, ya samo asali ne daga wani labari da ta riƙa ba ƙanenta Boris don ɗebe masa kewa sa'ad da yake jinya. Mahaifinta ne ya ƙarfafa mata gwiwa ta nemi a buga shi, ya kuwa fito a 1921. A 1925 ta auri George Ronald Rougier, injiniyan haƙar ma'adinai, ta bi shi Tanganyika (a cikin Tanzaniya ta yanzu) da Masedoniya kafin su koma Ingila wajen 1929. Ɗa guda suka haifa, a 1932.

Ayyukanta

These Old Shades ya fito a 1926, shekarar da yajin aikin gama-gari ya tsayar da al'amura a Birtaniya, bai samu talla a jaridu ba, amma duk da haka ya yi kasuwa sosai. Daga nan ta yanke cewa talla ba ta da wani amfani a gare ta, ta ƙi yin hira da 'yan jarida har ƙarshen rayuwarta.

Da Regency Buck na 1935 ta shiga rubutu a kan zamanin riƙon ƙwarya, wanda ya zama nata. Abin da ya bambanta ta da sauran marubuta shi ne zurfin bincike, domin ta tara littattafan tarihi fiye da 1,000, ta kuma cika kundaye da bayanai a kan tufafi, da kekunan doki, da farashin kaya, da karin maganar mutanen lokacin. Marubuciya Jane Austen, wadda ta rayu a zamanin, ba ta buƙaci yi wa masu karatunta bayanin waɗannan abubuwa ba, ita kuwa Heyer dole ta saƙa su cikin labari saboda masu karatunta sun zo bayan shekara fiye da 100. Wannan ƙwazo ya fi bayyana a An Infamous Army na 1937, inda ta zayyana yaƙin Waterloo na 1815 dalla-dalla.

Daga 1932 ta rubuta labaran binciken kisa, mijinta yana taimaka mata da tsara su, sai dai ba su kai na soyayya karɓuwa ba. Burinta na rubuta babban aiki a kan gidan sarautar Lancaster, wanda ya mulki Ingila a ƙarni na 15, bai cika ba, saboda matsin haraji ya sa ta riƙa komawa ga littattafan da ke kawo kuɗi. Abin da ta samu rubutawa ya fito a 1975 da sunan My Lord John.

Ce-ce-ku-ce

Ta zargi wasu marubuta da kwafar ayyukanta, amma ba ta kai ƙara kotu ba. An kuma soki yadda ta siffanta wani Bayahude mai ba da bashi a The Grand Sophy na 1950.

Rasuwarta

Ta rasu ranar 4 ga Yuli, 1974, a Landan, sakamakon sankarar huhu. Da yawa daga masu karatunta ba su san sunanta na aure ba sai a sanarwar rasuwarta.